Idan ɗanki na Maleshiya ya ce zai zaga garuruwa a bas

Uwargida, kwanakin baya yayata ta kira ni da sassafe, hankalinta a tashe. Ɗanta da ke karatu a Kuala Lumpur ya ce hutun bana ba zai dawo gida ba, kuɗin jirgi ya yi tsada. Shi da abokansa biyu za su rataya jaka a baya, su bi bas gari-gari har kudancin Tailan. "In hana shi ko in bar shi?" ta tambaye ni. Wataƙila ke ma naki yana can, ko yana shirin tafiya. Ga abin da na faɗa mata.

Irin wannan tafiya ba baƙon abu ba ce a yankin. Matasa daga ƙasashe daban-daban na yin ta da ɗan guziri: su hau bas maimakon jirgi, su kwana a masaukin da ake biyan kuɗin gado ɗaya a ɗakin mutum shida ko takwas, su ci abincin bakin titi. Daga babbar tashar TBS ta Kuala Lumpur, awa biyu ce zuwa Melaka, tsohon garin fatake na bakin teku. Arewa kuma, wajen awa biyar ke kai mutum Penang, inda birnin George Town yake. A 2008 UNESCO ta sa garuruwan biyu cikin wuraren tarihi na duniya. Daga nan sai a tsallaka iyaka zuwa Hat Yai a Tailan. Abincin halal ba ya wuya a wannan hanya, kuma wuraren hutawa na babban titin Maleshiya suna da ɗakin salla da suke kira surau.

To ina matsalar take? Ta farko takardu ce. Izinin karatu na Maleshiya ba ya shigar da kowa Tailan. Mai fasfon Najeriya sai ya nemi biza tun kafin ya tashi, ya kuma riƙe katinsa na rigakafin shawara. Ya tambayi ofishin ɗaliban waje na makarantarsa ko izininsa zai ba shi damar fita ya dawo. Ki sa ya turo miki hoton fasfo da biza ta WhatsApp, ki adana.

Ta biyu ita ce wadda ta fi ba ni tsoro. Mu a nan mun saba da saƙo: a tsayar da kai a tasha a ce don Allah miƙa wa wane wannan ledar. A can wannan kirkin na iya cin rai. Singafo na rataye masu safarar ƙwaya. Maleshiya ta soke wajabcin hukuncin kisa a 2023, amma har yanzu alƙali na iya yanke shi. A 2015 Indunusiya ta kashe wasu fursunoni kan laifin ƙwaya, cikinsu har da 'yan Najeriya. Ki ja masa kunne da babbar murya: ko ɗan garinku ne, ko da Hausa ya roƙe shi, kada ya karɓi kayan kowa, kada kuma ya bar jakarsa a hannun wanda bai sani ba.

Sai ɓangaren da na fi sani, wato lafiya. Zazzaɓin dengue ya yi yawa a yankin, kuma sauron da ke kawo shi da rana yake cizo, musamman da safe da yamma lis, don haka gidan sauro kaɗai bai isa ba. Ya shafa maganin korar sauro, ya sa riga mai dogon hannu. In zazzaɓi ya kama shi, kada ya ce maleriya ce ya sayi magani ya sha kamar yadda muka saba. Ya je asibiti a gwada jini. Farasitamol kawai zai sha. Asfirin da ibuprofen na iya jawo zubar jini. Ki riƙe wannan: lokacin da zafin jiki ya sauka, tsakanin kwana na 3 zuwa na 7, a nan haɗarin yake. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba tsayawa, ko jini daga dasashi ko hanci, duk na gaggawa ne.

Idan ɗanki mai sikila ne, ki ƙara kula. Bas ɗin dare a can sanyin na'ura gare su kamar firji, kuma matafiyi kan ƙi shan ruwa don gudun fitsari. Sanyi da ƙarancin ruwa su ne manyan masu tayar da ciwon. Rigar sanyi, safa, ruwan gora da magungunansa su kasance a jakar hannu, ba a but ba. Kare ko biri kuwa in ya cije shi, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar saboda cutar haukan kare.

Titi ma sai da lura. Maleshiya da Tailan hannun hagu suke tuƙi, saɓanin namu, don haka dama zai fara dubawa kafin ya tsallaka. Hayar babur tana da arha, amma Tailan na cikin ƙasashen da haɗarin babur ya fi kashe mutane. In bai ƙware ba ya haƙura, in zai hau kuma da hular kwano. Ya kauce wa lardunan Pattani, Yala da Narathiwat, inda rikici ke tashi jefi-jefi tun 2004. Ya guji gabar gabashin Maleshiya daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin ambaliya. Lambar gaggawa a Maleshiya 999 ce. A Tailan motar asibiti 1669, 'yan sandan baƙi 1155.

Ku tsayar da lokacin waya ɗaya kullum. Maleshiya na gabanmu da awa 7, Tailan da 6. In kin idar da azahar, shi dare ya yi masa. Ki karɓi lambar abokan tafiyarsa da sunan masaukin kowane dare.

Yayata ta shawarci mahaifinsa, suka bar shi bisa waɗannan sharuɗɗa. Na ce mata gara ya tafi da saninki da addu'arki, da ya tafi a ɓoye ki ji labari daga baya. Allah Ya tsare mana su a duk inda suke, Ya dawo mana da su lafiya.