Farautar Zomo da Karnuka a Ƙasar Kanan Bakashe

Idan kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, hannun manomi yakan sami sauƙi. A ƙasar Kanan Bakashe, cikin gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, a lokacin ne samari ke ɗaukar kere da gora, su kira karnukansu, su nufi bayan gari. Zomo suke nema. A gida da yawa, shi ne naman da zai shiga tukunya a wannan mako.

Dattawa suna ba da labarin zamanin da ake farautar barewa da gada tsakanin Mayahi da Tasawa. Wannan dajin ya tafi. Mutane sun yawaita, gona ta haɗu da gona, ga kuma farin 1973 da na 1984 da suka kashe itatuwa masu yawa. Manyan namun daji sun gudu ko sun ƙare. Zomo ne ya tsaya, tare da fakara da kurege da bushiya. Dalilin tsayawarsa shi ne ba ya bukatar babban daji. Gindin sabara ɗaya ya ishe shi kwana.

Inda zomo yake kwana

Mutane da yawa suna zaton zomon daji yana haƙa rami. Ba ya haƙawa. Yakan ɗan tona ƙasa kaɗan a ƙarƙashin wani duhu, daidai jikinsa, ya kwanta a ciki, ya kwantar da kunnuwansa a kan baya. Launin gashinsa irin na ƙasa ne. Da dare yake kiwo, da rana ya lafe. Mutum zai iya wucewa taku biyu daga gare shi bai gan shi ba, don ba ya tashi sai ya ga za a taka shi.

To, a ƙasar da kusan ko'ina gona ce, ina duhun yake? Yana kan iyakar gona, inda aka bar jerin gamba. Yana cikin shingen aguwa da ke bin burtali. Yana gindin sabara da kalgo da geza waɗanda gatari bai taɓa ba. A kwarin Gulbin Kaba kuwa, wanda ya ratsa ƙasar Kanan Bakashe ya nufi Mayahi, yana cikin kaba, wato ƙananan goriba masu cunkushewa a ƙasa. Waɗannan wurare su ne dajin zomo a yau. Duk mafaraucin da ya san aikinsa ba ya ɓata lokaci a tsakiyar gona. Iyaka yake bi.

Wannan iyaka kuma ita ce mai tsaron gonar manomi. Saiwar gamba tana riƙe rairayi. A farkon damina, idan iskar hadari ta taso, shinge yana rage ƙarfinta, don kada yashi ya binne hatsin da ya tsiro. Da gamba ake saƙa zana. Da kaba mata ke yin tabarma da igiya da faifai su kai kasuwa. Ashe abin da ke ɓoye zomo shi ne ke ciyar da gida.

Tun wajen 1983 aka fara koya wa manoman jihar Maraɗi sassaben zamani. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a rage sauran. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka tashi a kudancin Nijar, a kan fili mai faɗin hekta miliyan 5. Aiki ne mai albarka, babu shakka. Amma a lura da abu ɗaya. Itacen da aka gyara ya miƙe sama yana ba da inuwa da itacen wuta, amma ba ya ɓoye zomo, don gindinsa fili ne. Saboda haka, duk yawan itatuwan tsakiyar gona, idan aka share iyaka ƙal, zomo ba shi da wurin zama.

Yadda ake korar

An fi fita da sassafe, ko kuma bayan la'asar. Da safe ƙasa tana da sanyi, sawun daren jiya bai goge ba, hancin kare kuma yana kama wari sosai. Mafarauci yana duba sawu da kashi. Kashin zomo ƙanana ne, masu kama da na ɗan akuya, amma akwai ɓurɓushin ciyawa a ciki. Inda ya yi yawa, makwancin ba shi da nisa.

Idan an zo shinge, sai a rabu biyu. Wasu su bi wannan gefe, wasu wancan. A riƙa bugun duhu da gora, ana tafiya a hankali, iska tana bugun fuska, don ta kawo wa kare wari. Mutum ɗaya ya riga zuwa ƙarshen shingen ya tsaya shiru da kerensa, don nan zomo ya fi ɓullowa.

Karnuka ma aikinsu iri biyu ne. Akwai mai hanci, wanda ke shiga duhu ya tayar. Akwai siriri mai dogayen ƙafafu, wanda ke jira a fili ya bi da gudu. Kare ɗaya da wuya ya kama babban zomo a sarari. Zomo yana barin kare ya matso, sai ya karya kwana farat ɗaya, karen ya wuce da ƙarfin gudunsa. Kare na biyu, wanda ke biye, shi ke yanke masa hanya. Ba banza aka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu ba. Sau da yawa kuma zomo ba ya barin yankin da ya saba. Yakan yi babban zagaye ya komo kusa da inda aka tayar da shi. Masu haƙuri sukan tsaya nan su jira.

Game da halacci, malamai sun yi bayani. An yarda a riƙe kare don farauta, ko tsaron dabbobi, ko tsaron gona. Sharaɗi shi ne karen ya zama horarre, kuma a ambaci sunan Allah lokacin sakinsa. Idan an tarar da zomo da sauran rai, wajibi ne a yanka shi. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ita ce tushen wannan hukunci.

Abin da ke kawo rigima sananne ne. An saki karnuka cikin gonar da ba a gama tsinke wake ba, ko kare ya bar zomo ya bi akuyar mutane, ko samarin ƙauyuka biyu sun haɗu a kan zomo guda, kowa yana cewa karensa ne ya fara kamawa. Zomo bai fi kilo biyu ba, ko ɗan sama da haka. Bai kai a fasa wa ɗan'uwa kai ba, bai kai kuma a wuni a ƙofar maigari ana shari'a ba.

Wuta a gindin shinge

Mafi munin abin da wasu ke yi shi ne cinna wa duhu wuta don zomo ya fito. Gaggawa ce ke sa haka. Zomo ɗaya zai fito, gaskiya ne. Amma gambar da za a yi zana da ita ta tafi. Karan da aka tara wa dabbobi yana iya kamawa, haka ma harawa. Da iskar hunturu, wutar ba ta tambayar gonar wane ce. Shekara mai zuwa kuma mafaraucin nan zai zo wurin ya tarar da rairayi tsirara, babu zomo, babu fakara.

Dokar farauta ta Nijar, wadda aka kafa ranar 29 ga watan Afrilu 1998, ta hana kora da wuta. Ta hana amfani da guba, ta hana farautar dare. Ta amince da farautar gargajiya ta mutanen karkara cikin yankinsu, don abincin gida. Hukuma ce ke sa lokacin buɗewa da na rufewa. Kafin a shirya babbar farauta ta ƙauyuka da yawa, a sanar da maigari da ma'aikatan gandun daji.

Rufe daji ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu ba sa fita babbar farauta sai manyan maharba sun yi buɗin daji, bikin da garin Masallata na kusa da Birnin Ƙonni ya yi suna da shi. Ko mutum bai bi al'adar ba, hikimar da ke ciki tana nan: akwai watannin da ake barin nama ya hayayyafa.

Zomon daji ba ya haihuwa da yawa kamar na gida. Zomanyar gida tana ɗaukar ciki wata guda, ta haifi shida ko takwas, tsirara, ido rufe. Ta daji tana ɗauka wajen kwana 42, ta haifi ɗaya ko biyu, wani lokaci uku. Suna zuwa da gashinsu, idonsu buɗe. Uwar tana ajiye su cikin ciyawa ta tafi, sau ɗaya take zuwa shayarwa a rana. Sun fi haihuwa lokacin da ciyawa take ɗanya. Don haka wanda ya kashe zomanya da damina, ba ita kaɗai ya kashe ba. Yara kuma, idan kun ga ɗan zomo shi kaɗai a gindin gamba, ba maraya ba ne. Ku bar shi, uwarsa za ta zo da duhu.

Manomin garka zai ce zomo yana cinye masa salati da ganyen wake, yana kuma ɓare bawon ƙaramin dashe. Gaskiyarsa. Maganin wannan shi ne a kewaye dashen da ƙaya, garka kuma a yi mata darni mai ƙarfi daga ƙasa.

Hakkin kare

Wasu ba sa tunawa da kare sai ranar fita. Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Karen da ke yawo a juji yana neman abin da zai ci ba zai yi gudu ba. A ba shi ragowar tuwo da tsaki da ɗan nono, a ajiye masa ruwa mai tsabta a kaskonsa na daban. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jiki. Da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, gudun tsakar rana yana iya kashe shi. A tafi da goran ruwa dominsa.

Idan an dawo, a duba tafin ƙafarsa a cire ƙarangiya da tsidau. A duba kunnuwa da wuya a cire kaska. Ruwan aguwa mai kama da nono yana cutar da ido, na kare da na mutum. Idan ya shiga, a wanke da ruwa mai yawa nan take. Kada a jefa wa kare ɗanyen kayan cikin zomo ko na tunkiya, don ta nan tsutsar ciki ke shigarsa. A dafa tukuna. Shi ma mai fiɗa ya wanke hannu da sabulu, naman kuma ya dahu sosai. Zomon da aka tarar matacce, ko wanda ya kasa gudu ba tare da rauni ba, ba na ci ba ne.

Duhun da zomo ke so, kububuwa ma tana sonsa. A sa takalmi. A tura gora, kada a tura hannu. Idan maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau. A hana ƙafar motsi, a ɗauke shi a amalanke ko babur zuwa asibiti.

Haukan kare

Karen farauta yana haɗuwa da dila da yanyawa da karnukan wasu ƙauyuka. Cizo ɗaya ya isa ya kawo cutar hauka cikin gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Cikin goma da ake zargin mahaukaciyar dabba ta ciza, wajen huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A ƙauyukanmu ma, yara ne suka fi bin karnuka zuwa daji.

Akwai allurar rigakafi ta karnuka. Ana fara ta tun kwikwiyo yana da wata uku, ana sabuntawa yadda likitan dabbobi ya faɗa. A nemi bayani wajen ma'aikatan kiwo.

Ba kowane mahaukacin kare ne ke faɗa ba. Wani yana cizon itace da ƙasa, muryarsa ta canza, ya bar gida. Wani kuwa shiru yake yi, bakinsa a sake, yawu na zuba. Mai shi sai ya ce ƙashin zomo ne ya maƙale masa, ya zura hannu zai cire. Kada a yi haka, cutar a cikin yawun take.

Idan kare ya ciji mutum, ko ya lashi inda yake da rauni, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. Kada a sa toka, ko barkono, ko gashin karen. A tafi asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Allurar mutane ba ɗaya ba ce, ana yin ta a ranaku daban-daban, kuma sai an cika ta duka. Cutar takan ɓoye wata biyu ko uku, raunin ya warke, kowa ya manta. Idan ta bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, magani ya riga ya ƙare.

Karen da ya yi cizon, idan na gida ne kuma ana iya kama shi ba tare da haɗari ba, a ɗaure shi nesa da yara, a riƙa tura masa abinci da ruwa daga nesa, a lura da shi kwana 10. Wanda aka ciza ba zai jira kwanakin nan ba, ya fara allura tun ranar farko. Idan karen ya mutu, ko ya ɓace, ko halinsa ya canza cikin kwana goman, a koma a shaida wa likita, a kuma gaya wa maƙwabta masu karnuka.