Madubin Mota Mai Dushewa Da Kansa: Yadda Ake Gano Cutarsa Da Musanya Shi

Duk direban da ya taɓa yin tafiyar dare a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, ko ta Lakwaja zuwa Abuja, ya san irin azabar da fitilar babbar mota kan yi wa ido idan ta taso ta baya. Hasken yakan faɗa kan madubin gefe ya dawo cikin ido, har direba ya ɗauki ɗan lokaci ba ya ganin gabansa sosai. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa kuwa tana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa ɗaya tak. Wannan tazara ta isa mutum ya afka wa rami, ko saniya, ko motar da ta mutu aka bar ta a tsakiyar titi ba tare da wata alama ba.

Don maganin wannan ne aka ƙago madubin da ke dushewa da kansa. Kamfanin Gentex da ke garin Zeeland a Jihar Mishigan ta Amurka shi ne ya fito da irinsa na cikin mota a shekarar 1987, sa'an nan na gefe ya biyo baya a 1991. Da yawa daga cikin motocin gwanjo da ake shigowa da su Nijeriya daga Amurka da Turai suna ɗauke da shi, alhali masu su ba su sani ba sai ran da ya lalace.

Madubin ba gilashi ɗaya ba ne. Gilasai biyu ne aka haɗa, aka zuba wani sinadari mai kauri a tsakaninsu, aka liƙe bakin. Idan 'yar wutar lantarki ta bi ta cikin sinadarin sai ya yi duhu, idan ta ɗauke sai ya washe. A yawancin motoci madubin gefe ba shi ke yanke wa kansa shawara ba, umurni yake karɓa daga madubin ciki. Shi na cikin yana da idanu biyu, waɗanda makanikai ke kira sensa: ɗaya na duban gaba don ya san dare ne ko rana, ɗaya na duban baya don ya auna ƙarfin fitilar da ke biye. Saboda haka cutar da ta bayyana a ƙofa sau da yawa asalinta yana can a jikin gilashin gaba.

Alamun lalacewa iri uku ne. Na farko, madubin ya yi dabbare-dabbare, baƙi ko ruwan ƙasa, ko a ga kamar ruwa ya kwanta a ƙasansa. Wannan yana nuna likin ya buɗe, sinadarin ya tsiyaye ko iska ta shiga, kuma ba shi da magani sai musanya gilashin. In an ga ruwan ya ɗiga a jikin mota, a goge shi nan da nan, domin yakan ɓata fenti da roba, kuma kada a taɓa shi da hannu kawai. Na biyu, madubin ya ƙi dushewa da dare. Na uku, ya yi duhu da rana tsaka ya ƙi washewa.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. A kunna makulli, a tabbata mota ba ta cikin giyar baya, domin an yi madubin ne ya washe idan za a ja da baya. In akwai maɓalli a jikin madubin ciki, a duba ko a kunne yake. Sa'an nan a rufe idon gaba da baƙin ƙyalle, a haska idon baya da tocila. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ya kamata madubin ciki da na gefe su yi duhu tare. Sai dai a lura, a motoci da dama na gefen direba kaɗai ke dushewa.

Idan babu wanda ya dushe, sai a duba fis da wayar da ke shiga madubin ciki. Har wa yau baƙin ledar da ake liƙa wa gilashin baya takan rage hasken da ke isa idon baya, ta hana shi aiki yadda ya kamata. Madubin da ke duhu da rana kuwa, sau da yawa wata takarda ce aka manna a gilashin gaba ta rufe idon, ko ƙurar hunturu ta toshe shi, har ya zaci dare ne. Amma in an kashe mota, an jima, bai washe ba, to gilashin ne ya mutu.

Idan na ciki ya dushe na gefe ya ƙi, zargi ya koma kan waya ko gilashin. Wayoyin da ke bi ta cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota sukan karye saboda buɗewa da rufewa na shekara da shekaru. Mai gyaran waya zai ɗora mita a kan wayoyin dushewa guda biyu yayin da ake gwajin tocila. In ya sami wuta wajen bolt 1 da 'yan kai, waya lafiya take, gilashin ne ya gaza. A nan ne wasu kan yi gyaran gangar Abzinawa, su jona madubin kai tsaye da batir mai bolt 12 wai don gwaji, su ƙone abin da da lafiyarsa. Wayoyin da ke ɗauke da bolt 12 a bayan gilashin na ɗumama shi ne don korar raɓa, bai kamata a rikita su da na dushewa ba.

Musanya gilashin kaɗai ya fi sauƙi da araha. A kashe mota, a sa safar hannu, a liƙa tef a bakin murfin don kare fenti. A karkatar da gilashin har rata ta buɗe, a zura abin ɓamɓara na roba ko katako, a ɗaga a hankali har maƙalan su saki. Sukudireba kan fasa gilashin. A lura da mazaunin kowace waya kafin a cire, a jona wa sabon, a maimaita gwajin tocila, sa'an nan a danna shi daga tsakiya da tafin hannu har ya zauna. In kuwa murfin ko injin juya madubin ya karye, sai an cire batir, an buɗe murfin cikin ƙofa, an zare soket, an kwance notunan, waɗanda galibi uku ne.

Wajen saye ma akwai abin lura. Mai neman na gwanjo a Ladipo ta Legas, ko Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ya tafi da tsohon a hannu, ya gwada lambar da ke jikinsa, ya ƙidaya haƙoran soket. Tun ran 2 ga watan Afrilu na 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, don haka madubin da aka ciro daga motar Ingila ko Japan, inda sitiyari ke dama, ba lalle ya dace ba. Wanda ya ƙi jin wannan, garin neman gira sai ya rasa ido.

Wanda aljihunsa bai kai ba yana iya sa gilashi na yau da kullum, a naɗe wayoyin dushewar da tef don kada su taɓa juna. Zai ga bayansa sarai, sai dai zai koma fama da fitilun dare. Ko ba komai wannan ya fi madubin da ya yi baƙi ƙirin, wanda ba ya nuna wa direba babur ɗin da ke shirin wuce shi.