Cinikin Bututun Ƙarfe a Kasuwar Ƙofar Ruwa

Kasuwar Ƙofar Ruwa da ke ƙaramar hukumar Dala a Kano ta yi suna wajen kayan gini da ƙarafa. Ta samo sunanta daga ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar birni. A ɓangaren masu ƙarfe ake samun rodi da falanki da bututu, sabo da tsoho, an jera su bisa maratayai, kowane girma da gurbinsa. Galibin kayan daga Legas ake ɗauko su a manyan motoci, 'yan dako su sauke, masu kura su kai wa mai saye har bakin shagonsa.

Bututun iri biyu ne a siffa: mai zagaye da mai kusurwa huɗu. Akwai baƙi wanda ke bukatar fenti, akwai fari da aka shafe da sinadarin hana tsatsa. Tsawon sanda guda kusan mita shida ne, farashi kuma yana bin girma da kauri. Masu walda su ne manyan abokan ciniki, sai masu aikin famfo da masu ƙera rumfunan biki.

Wani ciniki mai bukatar ƙwarewa shi ne neman bututu biyu da ɗaya zai zura cikin ɗaya. Da irinsu ake yin ƙafafun rumfa masu hawa da sauka, da sandar eriya, da mazaunin farantin sola. Lissafin bai da yawa: a auna faɗin babban daga waje, a cire kaurin jikinsa sau biyu, abin da ya rage shi ne faɗin cikinsa. Dole wannan ya ɗara faɗin ƙaramin da kamar milimita ɗaya. Mai kusurwa huɗu na milimita 30 da kaurin milimita 2 yana da ciki 26, don haka na milimita 25 zai shige shi daidai. Na 40 a cikin na 50 kuwa lilo zai riƙa yi.

Bututun ruwa mai zagaye ya fi rikitarwa, domin sunansa bai dace da awonsa ba. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, amma bututun da ake kira inci ɗaya faɗinsa daga waje ya haura milimita 33. Na inci ɗaya da kwata ya kai 42, na inci ɗaya da rabi 48.3, na inci biyu 60.3. Faɗin waje ba ya canzawa. Kauri ne ke cinye ciki. Shi ya sa na inci ɗaya ke shiga na inci ɗaya da kwata mai matsakaicin kauri, amma na inci ɗaya da kwata yakan ƙi shiga na inci ɗaya da rabi, sai in an samu mai sirantaccen jiki.

Ko lissafi ya yi daidai, abubuwa uku kan hana aiki: layin walda da ke cikin bututu, da kaifin da yanka ke bari a baki, da lanƙwasar da sanda ke yi wajen lodi. Kaifin baki magagari ke gyara shi, amma lanƙwasasshe sai dai a canza. Ga kuma kaurin da aka faɗa ba kullum yake cika ba. Saboda haka gogaggen mai walda kan zo da guntun bututunsa, ya gwada a gaban mai shago kafin a yanka, domin abin da aka yanka ba ya komawa. A wajen haɗawa kuma akan bar sashe mai tsawo na ƙaramin a cikin babban, a huda su tare a sa ƙusa ko noti, don kada mahaɗar ta karye idan nauyi ya hau.