Yana Tuƙa Jirgin Ƙasa a Waya, Amma Idonsa Zai Wuce Gwaji?

Tun da layin dogo ya iso Ngaundere a shekarar 1974, jirgin dare ya zama igiyar da ta ɗaure mu da Yawunde. Kilomita sama da 600 ne, kuma ba ƙaramin abu yake ɗauka ba: ɗalibai, 'yan kasuwa, masu zuwa gaida 'yan uwa a unguwar Briqueterie. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan ka tambayi yara a aji abin da suke son zama, ka ji wani ya ce direban jirgin ƙasa.

Bambancin yaran yau shi ne wasunsu sun riga sun fara "tuƙin" a waya. Wasan tuƙin jirgin ƙasa ya daɗe. Microsoft Train Simulator ya fito a 2001, Trainz ma a shekarar, sai Train Sim World a 2017. Wanda ba shi da kwamfuta kuwa akwai irinsu na waya, kamar Indian Train Simulator. Kada ku ɗauka shirme ne. Mai wasan yana zaune ne a kujerar direba, gabansa birki da agogon gudu. Dole ya kiyaye lokaci, ya tsaya daidai bakin tasha, ya san cewa jirgi mai jan tarago da yawa ba ya tsayawa kamar babur. A Turai da Japan har da dattawa masu furfura a harkar, wasu kan shafe watanni suna zana layin garinsu tasha bayan tasha.

To, amma akwai abu guda da wasan ba ya aunawa, shi ne ido.

Wasu mutane ba sa bambance ja da kore sosai. Da Faransanci ana ce wa abin daltonisme, daga sunan John Dalton, masanin kimiyya ɗan Ingila da ya yi bayanin nasa idon a 1794. Mu ce masa makantar launi, ko da yake mai shi yana gani garau. Yana karatu, yana zare allura, launukan ne kawai ke haɗe masa. A cikin Turawa kusan namiji ɗaya cikin 12 na da shi, mace ɗaya cikin 200. A Afirka adadin bai kai haka ba, amma akwai shi. Galibi gado ne ta wajen uwa: tana iya ɗauke da shi idonta lafiya lau, ya fito a jikin ɗanta namiji. Shi ya sa nake tambayar iyaye labarin kawu da kakan wajen uwa.

Mu malamai ne muka fi kowa damar ganewa, domin tutarmu kore ce da ja da rawaya, launukan fitilar jirgi ke nan cif. Akwai wani ɗalibina, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, gwanin wasan nan a wayar yayansa. Duk ranar da aka ce a zana tuta, sai ya tambayi na kusa da shi, "Wanne ne jan?" kafin ya ɗauki fensir. Da na cire takardun da ke naɗe a jikin fensiran na baje masa, sai ya haɗa ja da kore da ruwan ƙasa wuri guda. Na kira mahaifinsa na faɗa masa. Ya ce, "Malam, ai yaron nan har allura yake zare wa uwarsa." Na ce, "Haka ne Alhaji, ganinsa lafiya lau, launi ne. A daure a kai shi wajen likitan ido." An kai shi, likita ya tabbatar.

Wani zai ce, ai masu irin wannan ido suna tuƙa mota a ƙasashe da yawa. Gaskiya ne. A danjar titi ja na sama, kore na ƙasa, mutum na iya ganewa da wurin da fitilar ta kama. Direban jirgi kuwa ɗigon haske guda yake hangowa daga nesa, cikin dare ko hazo ko ruwan sama, ba ya ganin sandar balle ya ƙirga sama da ƙasa. Jirgi mai nauyi da gudu na iya cin kilomita guda kafin ya tsaya, kuma ba shi da sitiyarin kaucewa. A waya, manhajar na iya rubuto maka nisan fitila ta gaba, kana iya matso da hoton, in ka yi karo ka sake daga farko. A kan dogo babu sakewa.

Wannan tsanani yana da tarihi. A watan Nuwamba na 1875 jirage biyu suka yi taho-mu-gama a Lagerlunda ta ƙasar Suwidin, mutum 9 suka mutu. Wani masani mai suna Frithiof Holmgren ya zargi makantar launi, ya fito da gwajin tsince zaren ulu kala-kala. Masu bincike na baya sun yi shakkar ko ita ce sanadin hatsarin, amma daga nan gwajin ya bazu a kamfanonin jiragen ƙasa. A 1917 likita ɗan Japan, Shinobu Ishihara, ya kawo faifan ɗige-ɗige masu lamba a ɓoye, wanda ake amfani da shi har gobe. Dokar Tarayyar Turai ta 2007 kan lasisin direbobin jirgin ƙasa ta wajabta ganin launi daidai.

Ba gado kaɗai ke kawo shi ba. A 1996, a Secaucus ta Amurka, wani direba ya wuce jar fitila, mutum 3 suka mutu har da shi. Bincike ya nuna ciwon suga ya taɓa masa ido, kuma ya ɓoye wa likitan kamfani. Wannan darasi ne ga samarin da ke haddace lambobin Ishihara daga intanet don su wuce gwaji. Wallahi ba dabara ba ce. Rayukan da ke barci a tarago amana ce a wuyan direba, wataƙila har da mahaifiyarka a ciki. Gilashin da ake tallatawa ma ba ya warkar da komai, na gado ba shi da magani zuwa yanzu.

Roƙona ga iyaye da 'yan uwana malamai shi ne a gwada yara tun suna firamare. Minti biyar ya isa a wurin likitan ido. Yaron da ya san halin idonsa yana ɗan shekara 10 zai sauya hanya cikin sauƙi. Wanda ya sani a ɗakin gwaji yana ɗan 25, bayan an kashe kuɗin karatu an gama sa rai, shi ne ake jin tsoron karayarsa. A sanar da shi ma cewa aikin fitilu da na kan layi galibi suna da sharaɗi iri ɗaya, haka tuƙin jirgin sama da na ruwa. Amma harkar dogo na da faɗi: tsara jadawali, lissafin kaya, sayar da tikiti, aikin kwamfuta, har da ƙera irin waɗannan wasanni.

Kada a ƙwace wayar, kada kuma a ce masa makaho. A bar shi ya yi wasansa bayan ya gama karatu da salla, a kai shi a duba idon kafin hutun nan ya ƙare.