Amsar Wasiƙunku: Kafin Ka Sayi Sensar Totur, Duba Lambar Injinka

Wasiƙar wannan mako ta fito daga wani manomi kuma ɗan kasuwar hatsi, wanda ke da tsohuwar a-kori-kura ƙirar Toyota Hilux mai shan gas. Ya ce in ya ɗauko kaya ya taka totur, sai motar ta riƙa fizga, wani lokaci ta ƙi amsawa sam. Bakanike ya ce masa sensar totur ce ta mutu. Ya sayo har sau biyu, ba wadda ta yi, ga shi kaka ta kama, buhuna na jibge a gona. Yana tambaya: yaya zai gane wadda ta dace?

To Malam, sannu da ɗawainiya. Abu na farko, ka tabbata motarka tana da wannan na'ura tukuna. Tsofaffin injunan gas da yawa ba su da ita. A injin Toyota 3L da 5L, da manyan motoci irin Marsandi 911, waya ko sanda ce ke tashi daga totur kai tsaye zuwa famfon mai. Amma injin da lambarsa ta ƙare da harafin E, kamar 5L-E, ko 1KZ-TE da ya fito a 1993, yana da ƙwaƙwalwar lantarki. Sensar ita ce ɗan aiken da ke gaya wa ƙwaƙwalwar iyakar inda ƙafarka ta kai, ita kuma ta auna man da za a ba injin. Kada ka dogara da takardun mota, domin sau da yawa an sauya inji tun kafin ta zo hannunka. A goge jikin injin a karanta lambar da ke kansa.

Ga yadda take aiki. Ƙwaƙwalwa na aiko mata da wuta bolt 5 ta waya ɗaya, waya ta biyu ta asa ce, ta uku kuma ita ke mayar da labari. In injin na silo, wutar da ke komawa ba ta kai bolt 1 ba. Kana takawa tana hawa, har ta kai wajen bolt 4. Wasu na da waya ta huɗu mai shaida cewa ka ɗage ƙafa. A cikinta akwai ɗan harshe da ke goga a kan wani layi na baƙin gawayi, kamar abin ƙara murya na rediyo. In rediyonka ya tsufa, ai ka san yadda yake ƙarƙara in ka murɗa. To haka wurin da ka fi takawa yake cinyewa, saƙo ya yanke, mota ta fizga.

Saboda haka kafin ka sake fitar da ko kwabo, ka je wurin mai gyaran wayarin ya sa mita, a kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, a taka totur a hankali. In wuta ta hau sumul, sensarka lafiya lau take, sai a duba matatar mai da soket mai tsatsa da wayar da ɓera ya ci. In ta yi tsalle ko ta faɗi a tsakiya, to lallai ita ce.

Yanzu sai batun saye. Kuskuren da ake yi shi ne a ce da mai shago, "Ba ni ta Hilux." Kama da wane ba ta wane. Biyu za su zo da kai iri ɗaya, amma jerin wayoyinsu ya bambanta, ko ɗaya ta juya dama ɗaya ta juya hagu. Ta motar fetur ma takan shiga ramin ta gas daram, amma aikinsu ba ɗaya ba. Ka kwance tsohuwar ka tafi da ita. A jikinta akwai lambar kamfani. Ta Toyota lambobi 10 ce, biyar gaba biyar baya, kuma mai zama a maƙogwaron inji takan fara da 89452. Biyar ɗin ƙarshe su ne ke raba gardama. In lambar ta goge, rubuta lambar shasi da ta inji ka kai wa mai kaya, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko inda ya fi maka kusa. Ka ƙirga fil ɗin soket, ka murɗa duka biyun da hannu ka ga ko gefe ɗaya suke juyawa.

In ta hannu ce, a auna ta da mita a gabanka, kuma ku yi magana da mai shago cewa in ba ta yi ba za ka dawo da ita. Bayan an ɗaura kuma sai an saita. In ka lura ramukan kusoshinta dogaye ne, don a juya ta kaɗan-kaɗan har mita ta nuna daidai. Mai yiwuwa ma ɗaya daga cikin biyun da ka saya lafiyarta ƙalau, saiti ne ba a yi ba. Kada ka yar da su, kai su a gwada.

Daga ƙarshe, kada ka hau babban titi da lodi alhali totur na yanke maka. Ranar da ka fito wuce tirela ya ƙi amsawa, asarar ta wuce ta buhu. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a kwashe amfani lafiya. Sai mako mai zuwa, a ci gaba da aiko da wasiƙu.