Bar GHC ta yi maka ƙorafi

Matashin Dutsi da ya tafi Katsina ko Daura karatun kwamfuta, galibi da irin su Python ko Java yake buɗe ido. Amma akwai wani dangin harsunan da ba a jera wa na'ura umarni bi da bi, sai dai a bayyana mata alaƙar abin da ya shiga da abin da zai fito, kamar a darasin lissafi. Fitacce a cikinsu shi ne Haskell, wanda aka fitar da ƙa'idarsa ta farko a 1990, aka raɗa masa sunan masanin lissafi Haskell Curry. Kwamfailar da ke juya shi zuwa abin da na'ura ke ganewa ita ce GHC, wadda aka faro a Jami'ar Glasgow. Kyauta ce, sai dai sauke ta na cin data ba kaɗan ba.

Idan ka rubuta ghc Kasuwa.hs, za ta haɗa maka manhaja. Ƙara -o yana ba ka damar raɗa mata suna. Masu koyo kuwa -O2 suke rububi, don sun ji yana sa manhaja gudu. Gaskiya ne, amma haɗawar takan ɗauki lokaci, kuma mai lallaɓa batirin tsohuwar laftof bayan an ɗauke wuta ba ya bukatar wannan a kan aikin layi talatin. Ghci, wanda ke zuwa tare da GHC, ya ishe shi gwaji nan take.

Zaɓin da na fi ganin girmansa shi ne -Wall. A ce ka tsara lissafin hatsi iri uku, gero da dawa da wake. Ka rubuta kuɗin tiyar gero, ka rubuta na dawa, ka manta da wake. Ba tare da -Wall ba, GHC za ta haɗa aikin ta yi gum. Sai ranar da wani ya nemi wake manhajar ta tsaya cik. Da -Wall kuwa, tun a wurin haɗawa za ta nuna maka layin, har ta ambaci waken da ka tsallake. Haka take tona sunan da ka ƙirƙira ba ka yi amfani da shi ba.

Surutun kan gunduri mutum da farko, ba shakka. Duk da haka ƙwararru da yawa sukan ƙara da -Werror, wanda ke mayar da kowane gargaɗi kuskure, ta yadda GHC ba za ta fitar da manhajar ba sai an gyara.