Damisa ƙi sabo: me ya sa namun daji ba sa zama kyanwar gida?

Kwanakin baya wani ƙanena a Agege ya nuna min hoton ɗan damisa a waya, wai wani dillali ne ya yi masa tayi. Ya ce, "Yaya, ai in ka raine shi tun yana shan madara, kyanwa ce kawai." Na ce masa zauna mu yi magana, don wannan kuskure ya ci rayuka.

Kyanwar da ke yawo a gidajenmu sai da kakanninta suka shafe dubban shekaru tare da ɗan Adam kafin halinta ya yi laushi. Zaki, damisa da kyanwar daji ba su bi wannan hanya ba. Ɗan da ka raina zai san muryarka, amma farauta tana cikin jininsa. Da ya balaga, wasan da yake yi da hannunka ya zama kamun wuya. Namijin zaki yakan haura kilo 150, yana buƙatar nama kilo biyar zuwa bakwai a kullum. Wanda ya san kuɗin nama a kwata ya yi lissafi.

Ba labarin nesa ba ne. A Nuwamban 2019 hukumomin Legas sun ɗauke wani zaki daga wani gida a Victoria Island, daura da makarantar yara, bayan maƙwabta sun kai ƙara. A Fabrairun 2024 zaki ya kashe ma'aikacin gidan namun daji na jami'ar Ile-Ife, mutumin da ya yi wajen shekara tara yana kula da zakunan. A Satumbar 2024 kuma, a Abeokuta, wani zaki ya hallaka mai ba shi abinci, ɗan asalin Bauchi. Waɗannan fa masu keji ne, kuma aikinsu ke nan. To ina ga mai ɗakin haya a gidan da yara ke wasa a tsakar gida?

Ga kuma doka. Tun 1985 Najeriya take da dokar kare namun daji masu ƙarewa, wadda aka ƙara wa tsauri a 2016. Wasu daga cikin 'ya'yan da ake tallatawa, sai an kashe uwar ko an sace su kafin su iso hannun dillali.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Mu baƙi ne a garuruwan nan. Ranar da dabba ta ɓalle ta ji wa ɗan maƙwabci ciwo, ba za a ce wane ba, cewa za a yi Hausawa. Zaman lafiyar da iyayenmu suka gina a Sabo da Agege ya fi ƙarfin hoton burgewa a TikTok.

Ƙanen nawa dai ya goge lambar dillalin. Na yi masa alkawarin ɗan muzuru, ga ɓeraye sun dame shi a shago.